Da Wace Ƙafa Ka Fita, Yaya Habu?

Zuwa ga yayana Habu, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan sallama da gaisuwar girmamawa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan kana lafiya, ina fatan akwai ruwa da inuwa a inda kake. Ni ne Nafi'u, autan Inna, wanda ka laƙaba wa Guntu tun yana rarrafe, sunan kuma ya bi shi har ya yi gemu. Inna tana gaishe ka. Ba ta san ina rubutun nan ba, amma ba sai na tambaye ta ba kafin in isar da wannan gaisuwa.

Ba ni da adireshin da zan aika maka, lambar wayarka kuma ta daɗe da komawa hannun wata mata mai sayar da atamfa. Shi ya sa na ajiye maganar a nan, inda jama'a ke wucewa suna karantawa. Wasu za su yi sharhi, wasu su yi mini wa'azi. Su yi ta yi. Da kai nake.

Maganar Inna ce da gidanmu na ƙauye. Tun ranar da aka ce ka ɓace, Inna ba ta yarda ta kwana a wani wuri ba. Ƙafafunta sun kumbura, likita a Gumel yana son ya riƙa ganinta a kai a kai, zauren gidan ya tsage tun daga sama har ƙasa, amma ta ce ba inda za ta. Dalilinta ɗaya ne, kai ma ka san shi. Ta ce da ƙafar hagu ka tsallake dokin ƙofar nan ranar da ka tafi, kuma ka yi mata alkawarin za ka dawo ka shigo da dama. Wannan shigowar take jira.

Bari in koma baya, in tuna maka inda hagun nan ta samo asali, ka yi dariya in da halin dariya.

Ka riga ni shiga sakandaren kwana a Gumel, ka kuma riga ni shiga kadet, ƙungiyar 'yan makarantar da ake koya wa fareti da tarbiyyar soja. Hutun farko da ka dawo da kakin nan mai sitaci, wanda in an ajiye shi yake tsayawa da kansa, ko tuwo ban iya ci ba don kallo. Da na shigo makarantar, ko akwatina ban gama buɗewa ba na je na ba da sunana.

Ka tuna Baba Saje? Tsohon sojan nan gajere mai gashin baki da usur a wuya, wanda ya yi ritaya makaranta ta ɗauke shi yana horar da mu. Darasinsa na farko ba wuya a baki: haɗa diddige, fitar da ƙirji, ido gaba, in an ba da umarnin tafiya ka ɗaga ƙafar hagu. Shi ke nan fa. Ya busa usur, ya daka tsawa, sai ga sababbin shiga gaba ɗaya mun ɗaga dama. Ya sake, muka sake. 'Yan Gagarawa, 'yan Maigatari, mu na ƙauyukan Sule Tankarkar, har da yaran rugage da ke ƙirga takunsu da Fulatanci, kowa dama. Ya cire hula ya buga da ƙasa. Abin da yakan faɗa har yau yana kunnena: "Ba masallaci na ce ku shiga ba, 'yan nema! Hagu!"

To ina laifinmu? Kowannenmu uwa ce ta rene shi. A gidanmu ai ka san dokar Inna: takalmi dama, hannun riga dama, tuwo dama, ƙofa dama. Hagu ta shiga bayi ce. Sau nawa ta dawo da mu daga hanyar rijiya don kawai ta hango mun fita da hagu, mu koma cikin zaure, mu yi bismillah, mu sake fitowa?

Maganin da Baba Saje ya samo kaba ce. Ya sa kowa ya ɗaura zaren kaba a idon sawunsa na hagu, ya daina kiran hagu da dama, ya koma "Kaba, babu! Kaba, babu!" Muna zagaya fili 'yan aji suna leƙowa ta taga suna mutuwa da dariya. Ni nawa zaren sai da ya yi mini kanta kafin ƙafar ta ji magana.

Kai lokacin ka wuce nan tuni. Da yake ka fi kowa tsawo, kai kake tsayawa a ƙarshen layi ta dama, daga kanka kuma ake daidaita sahu. Kowa ya miƙa hannunsa ya taɓa kafaɗar na kusa da shi, ya juya kai ya duba, ya matsa gaba ko baya, har layi ya miƙe zuwa gare ka. Ni Guntu ina can nesa cikin gajeru, ba abin da nake hangowa sai haɓarka. In na hango ta, na san ina daidai.

Kai ka koya mini sauya ƙafa, ba Baba Saje ba. A hanyar gona ne, tsakanin gero da riɗi. Ka ce in tafiyata ta saɓa da ta sauran ba tsayawa zan yi ba, ɗan tsalle ne kawai: in kawo ƙafar baya ta taɓa diddigen ta gaba, in sake jefa ta gaban, sai in koma daidai ba wanda ya lura. Na yi ta harɗewa ina faɗuwa cikin rairayi, kana riƙe da ciki kana kiran sunana.

A tsakar gida kuma sai ka ɗauki taɓaryar Inna ka saɓa a kafaɗa a matsayin bindiga, kana maci kaji suna watsewa. Ita tana gindin murhu, idonta na kan ƙafafunka. Takan ce, "Wane irin aiki ne wannan da ake fara shi da ƙafar shiga bayi?" Ka zo ka ƙame a gabanta ka sara mata, ta jefe ka da ludayi tana ɓoye dariya da gefen zane.

Da ka gama makaranta ka ce soja za ka shiga, na gaske, ba ta hana ka ba. Baba ya riga ya rasu, kai ne babba, ta sa maka albarka. Roƙonta ɗaya ne, ka bar hagun nan a bariki, kada ka kawo mata ita bakin ƙofa.

Sai safiyar nan, ƙarshen hutunka na ƙarshe. An gama kaka, dammunan gero suna jingine a jikin rumbu. Kun sha koko da Inna a tsakar gida. Ni na riga na fito da jakarka ina ɗaure ta a bayan babur ɗin da zai kai ka bakin titi, fuskata na kallon ƙofa. Ka fito. Sai na ji muryarta daga cikin zaure tana cewa ka dawo ka sake fita. Ka juyo kana dariya, ka ce motar Gumel za ta bar ka, ka ƙame ka sara mata, ka ce, "In na dawo na shigo da dama, Inna, sai ta goge wannan."

Ka san halinka, Yaya. Ko da dama ka fita, in ta ce hagu ce sai ka bar ta a haka don ka ja ta. Shi ya sa maganar nan taka ba ta zame mini hujja ba.

Aka tura ku gabas. Kana kira, kana kira, sai kira ya tsaya. Bayan wani lokaci sojoji biyu suka zo da jakar nan da na ɗaure da hannuna. Suka durƙusa a gaban Inna da ladabi, suka ce ba a gan ka cikin waɗanda suka dawo ba, ba a kuma gan ka cikin waɗanda aka binne ba. Mutanen gari suka cika zaure. Mai cewa Allah ya jiƙan ka sai ya haɗiye rabin maganar, mai cewa Allah ya bayyana ka sai ya sunkuyar da kai. Inna ta hana a shimfiɗa tabarmar makoki.

Liman ya zo har gida ya yi mata nasiha. Ya ce maganar ƙafa camfi ne, ba ƙafa ke kai mutum ko ta dawo da shi ba, ko daga masallaci ma ai da hagu ake fitowa. Ta saurare shi har ya gama, ta gode, ta ce, "Malam, na ji. Amma ni na gani."

Na yi yawon kasuwar Maigatari saboda kai, ranar Alhamis bayan ranar Alhamis. Babban hotonka ɗaya ne a gidan, na kadet, kana riƙe da bindigar katako kana hura hanci. Shi take ba ni in nuna wa direbobin manyan motoci da fataken shanu na Damagaram, wai su masu yawo ne, ba inda ba sa zuwa. Kowa ya karɓa ya duba sai ya ce kamar ya taɓa ganin mai kama da kai. Ashe duniya cike take da masu kama da kai, kai ɗin ne dai babu. Hoton ya sha hannu har fuskar ta koɗe.

Ka san abin da take yi kullum da yamma? Ta ɗauki tsintsiya, da kumburarrun ƙafafun nan, ta share rairayin ƙofar gida ya kwanta lumui. Da safe kafin kowa ya taka ta fito ta duba. Sawun akuya, sawun kaza, sawun silifas na mai kawo mata ruwa. Sawun babban takalmi take nema.

Yanzu bari in ba ka labarina, ka yi mini tsiya. Ni malami ne a wata sakandare a Gagarawa, kuma da shugaban makaranta ya ji na taɓa yin kadet sai ya ɗora mini su. Ni Guntu, da usur a wuya! Baba Saje ya rasu, Allah ya jiƙansa, da yana nan da ya sake buga hula da ƙasa. Ina koya musu abin da aka koya mana: ƙamewa, sarawa, gugar kaki da dutsen gawayi, karanta taswira, ɗaure rauni, da yadda mutum biyu za su haɗa hannu su ɗauki wanda ya faɗi. In na zo kan dokar nan ta cewa ba a barin ɗan'uwa a fili, sauri nake yi in wuce ta. Ba na zargin kowa, ban je wurin ba, ban san abin da ya faru ba. Muryata ce dai ba ta ɗaukar wannan darasi.

Kuma wallahi har yau ba abin da ya sauya. Duk shekara sababbin shiga, na busa usur, su ɗaga dama gaba ɗaya. Sai in tura a yanko kaba. Ina tsaye ina ihun hagu, ina ganin yadda ƙafafun suke gardama, na san kowace ƙafa akwai wata uwa a bayanta da ta yi shekaru tana gyara ta. In an tashi nakan ce musu, hagun nan ta fili ce, kowa ya bar ta a nan, kada wanda ya kai wa uwarsa ita bakin ƙofa. Dariya suke yi, sun ɗauka barkwancin Malam ne.

In sun miƙa hannu suna daidaita sahu, nakan sami kaina na juya kai dama ni ma. Ba kowa a wurin sai bishiyar darbejiya da katangar makaranta. Ina kewarka, Yaya. Na faɗa a fili, kowa ya karanta. Na yi aure ba ka nan, na sami ɗa na sa masa sunanka ba ka nan, ba ni da wanda zan kira in ce ga abin da Inna ta yi yau, ya zan yi da ita. Mu biyu ta haifa, ka bar ni ni kaɗai da ita da ƙofar nan.

Na kama gida a Gumel kusa da asibiti, daga nan nake bin motar haya zuwa aiki. Zainabu matata ta gyara wa Inna ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar leda, har buta ta saya mata. Na yi lallashi, na turo dattawa, na yi fushi na daina zuwa, na kasa daurewa na dawo. In na kai ta asibiti da safe, kafin la'asar ta fara duban rana tana tattara mayafi. Ta ce in ka zo ka tarar da ƙofa a rufe, da wa za ka cika alkawarin?

Daminar bana ta yanke maganar. An kwana biyu ana ruwa, ranar Juma'a da rana bangon zaure na gabas ya zube. A daidai inda take shimfiɗa tabarmarta ya sauka. Allah ya sa ta tashi alwala. Da na iso na tarar da maƙwabta suna kwashe ƙasa, ga tabarmar an zaro ta a yage, ga carbinta a cikin laka. Ƙofar kuwa tana nan tsaye da dokinta, ita kaɗai, ba bango a gefenta. Na zauna a ƙasa.

Inna tana kan turmi a tsakar gida. Ban yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ya ƙare. Na je na zauna kusa da ƙafafunta. Can sai ta yi mini tambayar da ta saba yi, ta ce ai ni ina waje ranar, ina fuskantar ƙofa, da wace ƙafa ka fita? A da nakan ce dama, ta ce lallashinta nake yi. Wani lokaci in ce ka ɗaga hagu amma ka yi ɗan tsallen nan na sauya ƙafa a kan dokin ƙofa, ta ce ita ba ta ga tsalle ba. Ran nan sai na faɗa mata abin da ke akwai. Na ce ban gani ba, fuskarka nake kallo.

Sai ta ce, "Gara kai. Ni ƙafar na tsaya kallo, ban ga fuskarsa ba."

Yaya, shekara da shekaru ina ganin taurin kai ne. Ashe abin da ke cin ta ke nan.

Ta ce in faɗa mata yadda fuskar take. Na faɗa mata. Na ce ka yi aski a jajibirin ranar, wanzami ya ɗan yanke ka a bayan kunne. Na ce akwai ɗigon koko a gefen gemunka ba ka sani ba. Na ce da ka juyo kana dariya haƙorin nan naka mai ɓalli ya fito, idonka ɗaya ya ƙanƙance saboda rana, kuma da babur ya tashi ka waiwayo kana neman ta a cikin duhun zaure. Ta sa na maimaita maganar kokon. Ta yi dariya, ta ce kai dama ba ka taɓa iya shan abu ba ka ɓata gemu ba. Ta goge ido da mayafi. Sannan ta ce in nemo mota.

Ranar Lahadi muka kwashe kaya a a-kori-kura. Ba su da yawa: gado, tukwane, turmi da taɓaryar nan taka, da jakarka da ba ta taɓa bari an buɗe ba. Maƙwabta suka taru yin sallama. Ta ce kowa ya fita ya bar ta ta zama ta ƙarshe. Na tsaya a waje, a daidai inda na tsaya wancan karon, wannan karon kuma ƙafafu nake kallo.

Ta zo bakin ƙofa tana dogara sanda. Ta tsaya. Ta yi bismillah. Matar da tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ta tsallake ko bakin tabarma da hagu ba, ta dafa ƙyaure, ta ɗaga kumburarriyar ƙafarta ta hagu da ƙyar, ta sauke ta a waje. Wata maƙwabciya ta yi salati, ta ce Inna ta koma ta sake. Inna ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ce, "Bar ni in bi ta inda ya bi, ko ma haɗu."

Muka shiga mota, muka kama hanyar Gumel.

Tana nan Gumel yanzu. Kumburin ya fara sauka, tana shan magani, takwaranka yana hawa bayanta yana cire mata ɗankwali. Ƙofar gidan nan siminti ce, ba ta riƙe sawu, amma jiya da yamma na dawo daga aiki na tarar ta share ta.

To ga saƙo, ka riƙe shi da kyau. In ka zo ƙauye za ka ga ƙofa tsaye ba bango a gefenta, ba kowa a gidan. Kada gabanka ya faɗi, ba mutuwa aka yi ba. Ka tambayi mai shagon da ke kallon masallaci, na bar masa kwatance, zai sa a kawo ka. Maganar alkawari kuma Inna ta ce in ka ji ta ko a iska, ta yafe. Ka shigo da dama, ka shigo da hagu, ka shigo a kan sanda ko a kafaɗar mutane. Ta ce wannan karon ba za ta kalli ƙasa ba.

Ya Allah, in yayana yana raye, Ka ciyar da shi, Ka suturta shi, Ka kwance abin da ya ɗaure shi, Ka juyo da fuskarsa gida tun idon mahaifiyarsa yana gani. In kuma Ka riga Ka karɓe shi, Ka yalwata masa makwanci a ƙasar da ba mu sani ba, Ka gafarta masa, Ka tsayar da mu sahu ɗaya da shi ranar da ba mai ɓacewa. Ka ba Inna lafiya da haƙuri, ni ma Ka ba ni. Amin.

Ka huta lafiya, Yaya.

Ƙaninka da ke can ƙarshen layi yana leƙen haɓarka,
Nafi'u Guntu